Babi na 5: Amanar Cikin Akwati

Ranar Litinin, 13 ga Yulin 1942, jandarmomi suka ƙwanƙwasa ƙofar wani gida a Issy-l'Évêque, ƙaramin ƙauye a yankin Burgundi na ƙasar Faransa. Faransawa ne 'yan ƙasa, sanye da kakin gwamnatinsu, ba sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar ba. Sun zo tafiya da matar gidan, Irène Némirovsky, marubuciyar da shekara 13 kafin ranar babu inda ba a zancen littafinta a birnin Paris. Laifinta a takarda shi ne ita Bayahudiya ce, kuma ba ta da takardar zama 'yar ƙasa. Ta ɗan haɗa kayanta, ta yi sallama da mijinta da 'ya'yanta mata biyu, Denise mai shekara 12 da Élisabeth mai shekara 5, aka tasa ƙeyarta.

Bayan kwana huɗu aka ɗebe ta daga sansanin Pithiviers, inda aka tsare ta, tare da ɗaruruwan mutane, aka cusa su cikin taragon dabbobi, jirgi ya nufi sansanin gwale-gwale na Auschwitz a ƙasar Poland. Ta rasu a can ranar 17 ga Agusta, tana da shekara 39. Mijinta, Michel Epstein, bai san abin da ya faru ba. Ya yi ta rubuta wasiƙu zuwa ga masu buga littattafanta da duk wani mai faɗa a ji da ya sani, har da jakadan Jamus a Paris, har ya roƙi a ɗauke shi a madadinta. A watan Oktoba aka zo aka kama shi, a Nuwamba aka kai shi Auschwitz, aka kashe shi da isarsa.

Abin da ya rage wa yaran biyu shi ne wata mata mai suna Julie Dumot, wadda iyayen suka damƙa mata amanarsu, sai kuma akwati guda. Da wannan akwati suka yi ta ɓuya har yaƙi ya ƙare, daga makarantar kwana ta sistocin Katolika zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a yankin Bordeaux, 'yan sanda na nemansu. A ciki akwai hotuna da takardun iyali, da wani kundi mai kauri cike da rubutun hannun mahaifiyarsu, ƙanana ƙanana kamar sawun tururuwa, domin takarda da tawada sun yi wuya a lokacin. Denise ta ɗauka littafin sirrin mahaifiyarta ne na kwanakinta na ƙarshe, ta kasa karantawa. Haka ta yi shekaru kusan 50 tana ajiye da shi. Sai da ta yanke shawarar miƙa takardun ga wata cibiyar adana rubuce-rubuce, ta ce bari ta kwafe su tukuna, ta ɗauko gilashin ƙara girman rubutu ta zauna. Nan ta tarar ashe ƙagaggen labari ne. An buga shi a 2004 da sunan Suite française, ya ci kyautar Renaudot, karo na farko da aka ba da kyautar ga marubucin da ya riga ya kwanta dama.

Na zaɓi in buɗe wannan babi da wannan akwati ne domin yana ɗauke da amsar tambayar da masu karatu suka sha yi mini: mene ne amfanin karanta ƙagaggen labari a kan yaƙi da zalunci, alhali ga littattafan tarihi nan cike da gaskiya tsagwaronta?

Wanda bai san ƙarshen labari ba

Malamin tarihi yana rubutu ne bayan ƙura ta lafa. Ya san wanda ya ci yaƙi da wanda aka ci, ya san inda jiragen ƙasan nan suka nufa, ya san adadi. Zai gaya maka cewa Jamus ta Hitler ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, cewa a Auschwitz kaɗai an kashe mutum wajen miliyan 1.1, cewa daga Faransa an kwashi Yahudawa kusan 76,000 kuma waɗanda suka dawo 'yan dubbai ne ƙalilan. Wannan ilimi wajibi ne, kuma ba ni da abin da zan musanya shi da shi. Sai dai zuciyar ɗan Adam ba ta iya ɗaukar miliyan. Idan adadi ya yi yawa sai ya daskare, ka karanta ka girgiza kai ka juya shafi.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Tun da mun san ƙarshen, sai mu riƙa kallon mutanen wancan zamani kamar marasa wayo. Mu ce don me ba su gudu ba tun da wuri? Don me suka je da ƙafarsu suka yi rajista a ofis? Mun manta cewa su a ranar Litinin suke, ba su ga Talata ba. Ƙagaggen labari mai kyau yana ƙwace maka sanin da kake taƙama da shi, ya mayar da kai cikin ranar Litinin ɗin, inda jita-jita ta fi labari yawa, inda kowa ke cewa abin ba zai kai haka ba, inda barin gida da sana'a da kabarin iyaye ke kama da hauka. Sai ka shiga wannan duhu kafin ka fahimci abin da mutum ya zaɓa da dalilin zaɓinsa.

Némirovsky ba ta yi wahalar ƙirƙiro wannan duhu ba, a cikinsa take. An haife ta a Kiev a 1903, mahaifinta attajirin mai banki ne. Juyin juya halin Rasha na 1917 ya kore su, suka bi ta Finland da Sweden suka isa Faransa a 1919. Da Faransanci take rubutu, kuma littafinta David Golder na 1929 ya sa sunanta ya yi tambari, har aka mayar da shi fim. Duk da haka hukuma ta ƙi ba ta takardar 'yar ƙasa. Ta shiga Katolika tare da iyalinta a 1939, wannan ma bai tsare ta ba, domin dokokin da gwamnatin Faransa ta Vichy ta kafa daga Oktoban 1940 asali suke dubawa, ba abin da mutum ke bautawa ba. Aka raba mijinta da aikinsa na banki, aka hana ta buga littafi da sunanta, daga baya aka tilasta musu liƙa tauraro ruwan ɗorawa a ƙirjin tufafinsu. A cikin wannan hali take fita bayan gari, ta zauna a kurmi, ta ɗora kundinta a cinya. Ta tsara littafin kashi biyar, ta gama biyu. Na ukun ta zayyana ƙashin bayansa, sauran biyun kuwa ba ta iya tsara su ba, domin abin da za su ƙunsa bai faru ba tukuna. Kwana biyu kafin a kama ta, ta rubuta wa editanta cewa ta yi rubutu da yawa, kuma tana jin sai bayan ranta za a karanta.

Hanyar gudun hijira

Kashi na farko yana ba da labarin watan Yunin 1940. Sojojin Jamus sun karya rundunar Faransa cikin makonni shida, suka shiga Paris ranar 14 ga watan. Kafin isowarsu mutane miliyoyi suka bazama kan tituna sun nufi kudu, wasu a mota da katifa a ɗaure a samanta, wasu a keke, wasu suna tura tsofaffi a amalanke, jiragen yaƙi na yi musu ruwan harsashi. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan kashi gaba ɗayansa ranar ƙarewar miya ce.

Ku dubi uwargida Péricand. Matar manya ce, mai ibada, wadda ta saba da ba da sadaka a ƙofar coci kuma tana jin daɗin a ga tana bayarwa. A wani ƙauye da suka yada zango ta sa 'ya'yanta suna rarraba wa 'yan gudun hijira biskit da cakulan, zuciyarta fes. Sai ta shiga kanti don ta ƙaro guzuri, ta tarar babu komai, ta shiga na gaba, shi ma wayam. Ta dawo da sauri ta daka wa yaran tsawa su daina bayarwa. Marubuciyar ba ta zage ta ba, ba ta kuma yi mana wa'azi ba. Ta bar mu ne kawai mu ga lokacin da tsoro ya shiga, alheri ya fita ta taga. Wannan uwargida dai, da wuta ta tashi cikin dare, ta tattara 'ya'yanta da kayanta masu daraja ta tsere, sai da suka yi nisa ta tuna ta baro tsohon surukinta da ba ya iya tafiya.

Akwai Langelet, mai tara kayan tangaran masu tsada, wanda ya fi tausayin kofunansa a kan mutane. Fetur ɗinsa ya ƙare, sai ya yi wa wani saurayi da budurwarsa daɗin baki, ya ce su je su huta zai kula musu da mota, ya kwashe musu fetur ya gudu. Akwai shugaban banki Corbin, wanda ya yi wa ma'aikatansa biyu, Maurice Michaud da matarsa Jeanne, alkawarin wuri a motarsa, da lokaci ya yi ya ba farkarsa wurin, ya ce su san yadda za su yi su same shi a wani gari in suna son aikinsu. Waɗannan bayin Allah biyu suka kama hanya a ƙafa, ga ɗansu tilo a fagen daga ba su san ko yana raye ba. Duk sojan da suka gifta sai Jeanne ta leƙa fuskarsa. Su ne ba su da komai, kuma su ne suka fita daga wannan wata da mutuncinsu.

Da na kai wannan wuri na ajiye littafin na yi shiru. Duk wanda ya ga mutanen Gwoza da Bama da Mubi a 2014, ɗauke da ƙullin kaya a ka suna shiga Maiduguri da Yola, ko waɗanda suka tsallaka zuwa Diffa, ya san wannan hanya. Ya san mai motar da ya ninka kuɗin mota a ranar, ya kuma san talakan da ya buɗe zaurensa ga baƙin da bai taɓa gani ba. Tambayar da littafin ya jefo mini ba ta Faransawa ba ce. Da ni ne, da guzurin kwana biyu a jakata da 'ya'ya biyar a bayana, zan ci gaba da rabon biskit ɗin?

Maƙiyi a ɗakin baƙi

Kashi na biyu ya fi natsuwa, ya kuma fi wuyar haɗiya. An daina harbi, sojojin Jamus sun sauka a wani ƙauye da marubuciyar ta kira Bussy, an rarraba su gida gida. Lucile Angellier tana zaune da uwar mijinta, mijin kuma fursunan yaƙi ne a hannun Jamusawa, miji ne da bai riƙe ta da daɗi ba. Aka sauke musu wani hafsa, Bruno von Falk, mai ladabi, mai kaɗa piyano. Tsohuwar ta ƙi ko kallonsa. Lucile kuwa, a cikin kaɗaicinta, ta samu kanta tana sauraron takunsa.

Da wani marubucin ne, da ya zana Jamusawan duka da ƙaho da wutsiya, kuma wa zai ga laifinsa? Amma ga mace da waɗannan sojoji suka jefa rayuwarta cikin haɗari, tana zana ɗayansu a matsayin saurayi mai kewar gida. Ba wanke su take yi ba. A bangon ƙauyen an liƙa sanarwar abubuwan da aka haramta, hukuncin mafi yawansu kisa ne, kuma mai kaɗa piyanon nan yana cikin masu aiwatarwa. Abin da take nuna mana ya fi tsoratarwa: zalunci ba ya buƙatar dodanni, mutane masu gaisuwa da fara'a sun ishe shi. Haka kuma maƙwabta na rubuta wa 'yan mamaya takardun tsegumi a kan juna, saboda tsohuwar gaba ko ƙyashin gona. Da wani manomi, Benoît, ya harbe wani hafsan Jamus, Lucile ce ta ɓoye shi a gidan da Bruno ke kwana. Kashin ya ƙare a lokacin da aka kwashe sojojin zuwa yaƙin Rasha a 1941.

Mai karatu zai lura da wani abu: Yahudawa kusan babu su a cikin labarin. Matar da ke rubutu da tauraro a ƙirjinta ba ta sa kanta a ciki ba. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan, kamar yadda suka yi a kan David Golder, wanda wasu ke ganin ya zana Yahudawa da irin siffofin da maƙiyansu ke amfani da su, da kuma yadda ta riƙa buga labarai a mujallar Gringoire mai ƙyamar Yahudawa. Ba zan rufe wannan ba. Wanda aka zalunta ba sai ya zama waliyyi kafin mu ji ciwon abin da aka yi masa, kuma wannan darasi ne da littafinta da rayuwarta suka haɗu suka koyar.

Haƙƙin matattu

Yabon da nake yi wa irin wannan adabi yana da sharaɗi. Marubucin da ya ɗauki wahalar mutanen gaske ya gina labari a kanta, bashi ya ci. Yana da damar ƙirƙiro suna da fuska da hirar da aka yi a ɗaka. Ba shi da damar sauya yadda aka yi zaluncin don labari ya yi zaƙi.

Misalin da ya fi shahara shi ne The Boy in the Striped Pyjamas na John Boyne, ɗan ƙasar Ireland, wanda ya fito a 2006 aka yi fim ɗinsa a 2008. Labarin ɗan kwamandan Auschwitz ne mai shekara 9, wanda bai san abin da mahaifinsa ke yi ba, ya ƙulla abota da wani yaro Bayahude ta jikin shingen waya. Littafin ya sa miliyoyi hawaye, an kuma shigar da shi makarantu. Amma masana tarihi sun nuna cewa yara masu wannan shekaru mafi yawansu ana kashe su ne da saukarsu daga jirgi, shingen kuma akwai lantarki da masu gadi, kuma ɗan babban hafsan Nazi ba zai tashi bai san sunan Hitler ko ƙiyayyar da ake koyarwa a kowace makaranta ba. A ƙarshen labarin ma, iyalin kwamandan ne mai karatu ke yi wa kuka. A 2020 gidan tarihi na Auschwitz ya fito fili ya ce duk mai koyo ko koyar da wannan tarihi ya guji littafin. Hawaye kaɗai ba shaida ba ne. Ana iya sa ka kuka a kan abin da bai faru ba, ka tashi da fahimtar da ta fi jahilci illa.

Shi ya sa nake ba mai karatu shawara ya riƙe littattafai biyu, ƙagagge a dama, na tarihi a hagu. Idan labari ya taɓa ka, ka tashi ka bincika. Wa ya rubuta, yaushe, me ya gani da idonsa, wa ya tambaya? Idan ka gama da Némirovsky, nemi abin da ya faru a Paris ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942, a makon da aka kama ta, lokacin da 'yan sandan Faransa suka kama Yahudawa sama da 13,000, cikinsu yara fiye da 4,000. Sai a 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa da bakinsa cewa hukumar Faransa na da hannu a wannan aika-aika. Ka kuma nemi labarin Chasselay kusa da Lyon, inda a wancan Yunin na 1940 Jamusawa suka ware sojojin Afirka ta Yamma da ke yaƙi a rundunar Faransa, bayan sun miƙa wuya, suka kashe su saboda launin fatarsu. Ƙagaggen labari ƙofa ce, ba a kwana a bakinta.

Abin da muka riga muka sani

Wannan hanya ta ba da labari ba baƙuwa ba ce a wurin mai karatun Hausa. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba mu Shaihu Umar. Littattafan tarihi sun yi bayanin harin bayi da fataucinsu ta hamada, amma abin da ya zauna a zukatan waɗanda suka karanta shi a makaranta uwa ce guda, wadda aka sace mata ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ba ta sake ganinsa ba sai a gaɓar ajalinta. Uwa ɗaya ta sa mun ji nauyin dubban da ba a rubuta sunayensu ba. Jeanne Michaud da ke leƙen fuskokin sojoji a hanyar kudu 'yar'uwarta ce.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, Denise da Élisabeth sun riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gare de l'Est da otal ɗin Lutetia a Paris, inda ake sauke waɗanda suka tsira daga sansanoni, suna duba fuskoki. Sun je ƙofar kakarsu, mahaifiyar Irène, wadda ta yi zaman yaƙin cikin wadata, ta ƙi buɗe musu, ta ce su nemi gidan marayu. Élisabeth ta girma ta zama edita kuma marubuciya, ta rubuta littafi a kan mahaifiyar da ba ta gama sani ba, ta rasu a 1996, shekara 8 kafin a buga Suite française. Denise ce ta rage da kundin. Ta bi shi harafi bayan harafi, shafi bayan shafi, tsohuwa mai jikoki tana kwafar rubutun uwar da ba ta kai shekara 40 ba. Waɗanda suka cusa Irène Némirovsky a tarago sun rubuta ta a jerin sunaye a matsayin lamba cikin lambobi. 'Yarta ta sauke akwatin da ta ɗauka tana yarinya, ta miƙa wa duniya abin da ke ciki, ta rayu ta ga an fassara shi zuwa harsuna sama da 30, sannan ta rasu a 2013.